Muhawara: Shin ya dace a buɗe rauta ga intanet don a riƙa saita ta daga nesa?

Mai Kula da Na'urori:

Assalamu alaikum, malamai da iyayenmu a wannan sana'a. Ina neman shawararku a kan wani lamari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina aiki da wata ƙungiya mai babban ofishi a Kano da rassa a wasu garuruwa na Jigawa da Katsina, kuma kowane reshe yana da rauta (na'urar da ke haɗa ofis da intanet) ta kamfanin MikroTik da suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutocin cikin ofis da juna) na kamfanin Cisco wanda ya kwana biyu. Duk lokacin da ake bukatar canza wani saiti, komai ƙanƙantarsa, sai dai in hau mota in je, ko kuwa in kira wani ma'aikacin reshen a waya ina yi masa kwatance yana dannawa, alhali ba aikinsa ba ne. Abin da nake tunani shi ne in buɗe Winbox, manhajar saita rautocin MikroTik, a kan rautocin ta ɓangaren intanet, in kuma buɗe Telnet, hanyar shiga na'ura daga nesa a rubuta mata umarni, zuwa suwic-suwic ɗin, sannan in sa kalmar sirri mai tsawo wadda ba wanda zai iya cankar ta. Shin akwai wata illa a cikin wannan tsari?

Malama Mai Koyar da Sadarwa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Bari in fara da Telnet, domin shi ne wanda babu jayayya a kansa. An ƙirƙiro shi ne tun 1969, a zamanin da kwamfutocin da ke haɗe da juna 'yan kaɗan ne kuma masu amfani da su kusan duk sun san juna, saboda haka ba a tanadar masa wata hanya ta ɓoye abin da ake aikawa ba. Sunan shiga da kalmar sirri da kowane umarni da ka rubuta suna bin waya ne a fili, harafi bayan harafi, kuma duk wanda ke kan hanyar da saƙon yake bi zai iya karanta su da manhaja irin Wireshark. Tsawon kalmar sirri ba ya amfana komai a nan. Tamkar mutum ne ya tsaya a tsakiyar tasha yana ɗaga murya yana faɗa wa ɗan aike inda ya ɓoye mabuɗin gidansa.

Wannan matsala ce ta haifar da SSH. A 1995 an kama wani shiri da ke satar kalmomin sirri a kan hanyar sadarwar Jami'ar Fasaha ta Helsinki, a ƙasar Finland, shi ne wani mai bincike a can, Tatu Ylönen, ya rubuta manhajar da ke ɓoye duk abin da ke gudana tsakanin mai shiga da na'urar da yake shiga. Zubi na biyu, wanda aka daidaita ƙa'idojinsa a 2006, shi ake amfani da shi yanzu, na farkon kuwa an yi watsi da shi saboda rauninsa. Sannan ka tuna cewa cutar Mirai ta 2016 ba wata dabara mai zurfi ta yi ba: tana bin adiresoshi ne tana ƙwanƙwasa ƙofar Telnet mai lamba 23, tana gwada sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 irin waɗanda ake fito da na'urori da su daga masana'anta, kuma da na'urorin da ta kama haka aka kai wa kamfanin Dyn, mai fassara sunayen shafukan intanet zuwa adiresoshinsu, harin da ya hana mutane da yawa shiga Twitter da Netflix a watan Oktoba na 2016. Don haka ka rufe Telnet gaba ɗaya, har a cikin gida.

Alhaji Mai Rarraba Intanet:

Ranki ya daɗe, a kan Telnet ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Sai dai na san inda maganar za ta nufa, wato a ce masa kada ya buɗe komai sai ta VPN, keɓaɓɓiyar hanya mai ɓoye saƙo da ake shimfiɗawa a cikin intanet, kuma a nan ne nake da ja. Mu da muke rarraba intanet a unguwanni muna da rautoci a kan rufin gidaje da shaguna, kuma abin da muka saba yi shi ne mu bar Winbox a buɗe amma mu sauya masa lambar ƙofa daga 8291 zuwa wata wadda ba a saba da ita ba, mu goge asusun admin, mu sa kalmar sirri mai ƙarfi. Ai Winbox na yanzu yana ɓoye abin da ake aikawa. VPN kuwa wani ƙarin abu ne da zai iya lalacewa, kuma ranar da ya lalace, mutumin da ke Kano ba shi da hanyar shiga ya gyara shi, tunda ta cikinsa yake bi. Ina ganin kada mu ɗora wa wannan bawan Allah nauyin da ya fi ƙarfin ƙungiyarsa.

Malama Mai Koyar da Sadarwa:

Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma abin da ya faru a 2018 ya isa ya sa mu sake tunani. A watan Afrilu na shekarar aka gano wani rauni a cikin Winbox wanda yake ba mai kutse damar karanta fayiloli daga rautar ba tare da ya shiga ba, har da fayil ɗin da ke ɗauke da sunaye da kalmomin sirri. Ma'ana, wanda ya sa kalmar sirri mai harafi 30 da wanda bai sa komai ba duk matsayinsu ɗaya ne a ranar. MikroTik ta fitar da gyara cikin gaggawa a zubi na 6.42.1, amma mutane da yawa ba su sabunta ba, kuma zuwa watan Agusta an sami dubun-dubatar rautoci, da farko akasarinsu a Brazil, an cusa musu shirin haƙar kuɗin intanet wanda ke aiki a kan kwamfutocin masu bi ta cikinsu. Wani abin lura shi ne waɗanda suka sabunta manhajar amma ba su canza kalmar sirri ba, su ma ba su tsira ba, domin an riga an kwashe ta.

Kuma ba MikroTik kaɗai ba ce. A watan Oktoba na 2023 an sami makamancin wannan a shafin saiti na na'urorin Cisco masu manhajar IOS XE, inda mai kutse yake iya ƙirƙirar wa kansa asusu mai cikakken iko, aka kuma kama dubun-dubatar na'urori cikin 'yan kwanaki. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda suka bar shafin yana kallon intanet. Game da sauya lambar ƙofa, ba na cewa ba shi da amfani ko kaɗan, yana rage yawan masu gwaje-gwajen banza da ke cika rajista, amma ƙofofin duka 65,535 ne, kuma akwai shafuka irin Shodan da aikinsu ke nan, su zagaya intanet suna rubuta abin da ke buɗe a kowane adireshi.

Alhaji Mai Rarraba Intanet:

To, na ji wannan. Amma idan aka taƙaita shiga ga adireshi guda, wato na babban ofishi, ai mai kutse ba zai ma kai ga ƙofar ba, balle ya yi amfani da raunin da ke bayanta.

Injiniyan Reshe:

Gaskiya ne, Alhaji, taƙaita shiga ga sanannen adireshi kariya ce ta ƙwarai, kuma da waɗanda aka kama a 2018 sun yi haka da yawancinsu sun kuɓuta. Sai dai akwai abin da ban ji an ambata ba, kuma shi ne zai iya yanke hukunci a kan maganar baki ɗaya. Ina tambayar Malam mai tambaya: ta ina rassan naku suke samun intanet? Idan ta layin waya ne na 4G, ko ta Starlink a tsarinsa na gama-gari, to da wuya a ce rautar tana da adireshin IP nata na kanta wanda ake iya kaiwa gare shi daga waje. Kamfanonin sukan haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi guda saboda ƙarancin adiresoshin IPv4, kuma idan ka duba ɓangaren intanet na rautar ka ga adireshi tsakanin 100.64 da 100.127, ko wanda ya fara da 10, to ka tabbata a bayan irin wannan tsari kake. A wannan hali, ko ka buɗe ƙofar ba wanda zai same ta daga waje, har da kai kanka.

Mafita ita ce reshe ya zama shi ne mai kiran babban ofishi, ba ofishi ne mai kiran reshe ba. A nemi adireshi tsayayye guda ɗaya a Kano, ko a yi hayar ƙaramar saba (kwamfutar da ke yi wa wasu na'urori hidima), sannan kowace rauta ta buɗe ramin WireGuard, wato wani nau'in VPN, zuwa can, a sa mata ta riƙa aika ɗan saƙo duk bayan daƙiƙa 25 domin kada hanyar ta rufe. RouterOS, manhajar rautocin MikroTik, zubi na 7 yana ɗauke da WireGuard a cikinsa, saitinsa kuma layuka ne 'yan kaɗan, ba kamar IPsec, wani nau'in VPN, da ke wahalar da mutane ba. Wani halinsa da nake so shi ne ba ya amsa wa wanda ba shi da mabuɗi ko kaɗan, saboda haka mai bincike daga waje ba zai ma gane cewa akwai wani abu a wurin ba. Da zarar ramin ya tsaya, sai a saita Winbox da SSH su karɓi shiga daga adiresoshin cikin ramin kaɗai.

Mai Kula da Na'urori:

Na duba yanzu, kuma haka ne, Injiniya. Yawancin rassan adireshinsu da 100 ya fara. Babban ofishi ne kaɗai yake da adireshi tsayayye.

Tsohon Injiniya:

Salamu alaikum, 'ya'yana. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma Malama da Injiniya sun faɗi gaskiya a kan yadda za a tsare ƙofa. Amma maganar Alhaji akwai abin dubawa a cikinta wanda aka wuce shi da sauri, wato ranar da hanyar da kake bi ta yanke. A iya abin da na gani a wannan aiki, wanda ya fi kulle injiniya a waje ba mai kutse ba ne, shi kansa injiniyan ne. Zai shiga daga nesa ya gyara dokar katangar tsaro, ko ya canza adireshin ɓangaren da ya shigo ta cikinsa, ko ya cire wata VLAN, wato wani rukuni na hanyar sadarwar cikin gida, daga wayar da ke haɗa suwic da rauta, yana danna maɓalli sai allon ya daskare. Na'urar tana nan lafiya lau, ta yi abin da aka umarce ta, shi ne dai ba shi da sauran hanyar komawa, ga kuma ma'aikatan reshe sun rasa intanet.

Saboda haka, ɗana, kafin ka taɓa wani saiti mai haɗari daga nesa, ka fara tanadar hanyar dawowa. A kan Cisco ka rubuta reload in 10, wanda ke sa na'urar ta sake tashi da kanta bayan minti goma. Tunda canjin da ka yi yana cikin saitin da ke gudana ne kawai, ba ka ajiye shi ba, idan ya kulle ka a waje na'urar za ta tashi da tsohon saitinta, ka sake shiga. Idan kuwa komai ya tafi daidai, sai ka rubuta reload cancel, sannan ka ajiye da copy running-config startup-config. Kada ka ajiye kafin ka gwada, domin idan ka ajiye, sake tashin ba zai cece ka ba. Kada kuma ka manta ajiyewa bayan ka gwada, musamman a ƙasar nan da ake ɗauke wuta ba sallama, don wuta na ɗaukewa aikinka duka ya tafi.

MikroTik halinta dabam ne, kuma nan ne mutanen da suka saba da Cisco suke faɗawa rami: ita tana ajiye kowane canji nan take. Abin da zai taimake ka shi ne Safe Mode, maɓallinsa yana saman Winbox, a allon umarni kuma Ctrl da X. Idan kana cikinsa haɗin ya yanke, rautar za ta janye canje-canjen da ka yi, ko da yake takan ɗauki wasu mintuna kafin ta gane ka ɓace, saboda haka ka yi haƙuri kada ka tayar da hankalin mutanen reshe. Masu na'urorin Juniper su ne suka fi kowa jin daɗi a nan, da commit confirmed, wanda ke mayar da tsohon saiti bayan minti goma idan ba a tabbatar da sabon ba.

Bayan wannan akwai babbar magana, wato hanya ta biyu wadda ba ta dogara da ta farko ba. Ku tuna abin da ya sami Facebook a ranar 4 ga Oktoba, 2021. Wani umarni da aka bayar lokacin aikin gyara ya katse cibiyoyinsu daga juna, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida, kuma abin da ya ja lokacin shi ne injiniyoyin sun kasa shiga na'urorin daga nesa, sai da aka tura mutane da ƙafafunsu zuwa cibiyoyin adana bayanai. Idan hakan ya sami kamfani irin wannan, to reshen da ke da rauta guda bai fi ƙarfinsa ba. Shawarata ita ce a ajiye ƙaramar na'ura mai layin waya na wani kamfani dabam, a haɗa ta da ƙofar konsol (ramin da ake jona waya a jikin na'ura don saita ta kai tsaye) ta suwic da ta rauta, idan rautar tana da ita, domin konsol yana aiki ko da saitin sadarwa duka ya rushe.

Alhaji Mai Rarraba Intanet:

Baba, Allah ya ja kwana. Ka faɗi abin da nake nufi fiye da yadda na iya faɗarsa. Sai dai maganar na'ura ta biyu a kowane reshe, kuɗi ne, kuma layin da aka ajiye ba a amfani da shi yakan mutu ba a sani ba: ko data ta ƙare, ko kamfani ya rufe shi saboda ya daɗe ba motsi, ko a toshe shi saboda ba a haɗa shi da lambar NIN ba. Ranar da ake bukatarsa sai a tarar babu.

Malama Mai Koyar da Sadarwa:

Ni ma ina da ɗan ƙari a kan wannan, Baba, tare da girmamawa. Hanya ta biyu ita ma ƙofa ce, kuma sau da yawa ita ce aka fi sakaci da ita, domin mutane sukan bar konsol ba kalmar sirri bisa tunanin cewa sai wanda ya shigo ɗakin ne zai taɓa shi. Da zarar an haɗa shi da na'ura mai layin waya, wannan tunani ya rushe. Idan za a yi, to ita ma na'urar ta bi ta ramin VPN nata, a kuma sa wa konsol ɗin shiga da suna da kalmar sirri.

Tsohon Injiniya:

Duka biyun na karɓa. Ba kowane reshe ne ya cancanci wannan kashe kuɗi ba, a zaɓi waɗanda suka fi nisa ko waɗanda hanyarsu ba ta da tsaro, a kuma sa gwajin layin cikin aikin kowane wata. Ga sauran rassan, abin da ya fi sauƙi shi ne a ajiye wayar konsol, wannan mai launin shuɗi-shuɗi, tare da mahaɗinta na USB, a cikin akwatin na'urorin, a liƙa takarda mai bayanin saitin PuTTY, manhajar da ake shiga na'urar da ita: gudun 9600 ga Cisco, 115200 ga MikroTik. Ranar da abu ya ɓaci, wani ma'aikaci zai haɗa kwamfutarsa da wayar, ya kunna intanet na wayar hannunsa, kai kuma ka karɓi allonsa daga Kano ka yi gyaran.

Ɗalibin Kwalejin Fasaha:

Malama, don Allah a taimaka mana da matakan kunna SSH a kan suwic na Cisco, domin a aji Telnet aka fi nuna mana.

Malama Mai Koyar da Sadarwa:

Da farko ka duba sunan manhajar da show version, idan babu k9 a cikinsa to wannan zubin ba ya ɗauke da SSH sai an sauya shi. Idan akwai, sai ka ba na'urar suna da hostname, ka sa mata ip domain-name, domin da su ake raɗa wa mabuɗin suna, sannan ka ƙirƙiri mabuɗin da crypto key generate rsa, ka zaɓi tsawon 2048. Daga nan ka rubuta ip ssh version 2, ka buɗe asusu da username tare da secret, ba password ba, saboda nau'in ɓoyewa mai lamba 7 ana warware shi cikin ƙiftawar ido. A ƙarƙashin line vty ka sa login local da transport input ssh, ka ƙara access-class mai taƙaita adiresoshin da za su shiga, da exec-timeout don kada zaman da aka manta ya kwana a buɗe. Ka kula cewa suwic-suwic da yawa layukansu daga 0 zuwa 15 ne, kuma mutane sukan gyara 0 zuwa 4 su bar sauran da Telnet. Kada ka rufe tagar da kake ciki sai ka buɗe wata ka tabbatar SSH ɗin yana karɓar ka.

Wani abu kuma ga Malam mai tambaya: kowane mai shiga ya sami asusunsa. Kalmar sirri guda da mutum biyar suka sani ba ta nuna wanda ya yi canji, kuma ranar da ɗayansu ya bar aiki sai an bi na'urori duka an canza ta. Manyan wurare suna amfani da tsarin tantance masu shiga na TACACS+ ko RADIUS domin a tara asusun a wuri guda, kuma TACACS+ yana iya tantance kowane umarni ya kuma rubuta wanda ya bayar da shi.

Injiniyan Reshe:

Ga ƙungiya mai na'urori kaɗan, Malama, ina ganin asusun kowa a kan na'urar ya wadatar, muddin ana tura rajista zuwa saba a babban ofishi kuma an daidaita agogon na'urorin da NTP, tsarin daidaita lokaci ta hanyar sadarwa, don rajistar da ke nuna shekarar da ba daidai ba ba ta da amfani wajen bincike. Wanda kuma ya kafa TACACS+, ya bar asusu guda a kan na'urar wanda za a koma gare shi idan ba a sami sabar ba, in ba haka ba ramin na yankewa ko ta konsol ba za a iya shiga ba.

Mai Kula da Na'urori:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi matakan Malama a kan suwic na babban ofishi, amma da na gwada shiga daga kwamfutata mai Linux sai ta ƙi, tana cewa ba ta sami hanyar musayar mabuɗi da ta dace da ta suwic ɗin ba. PuTTY kuwa ya yi gargaɗi sannan ya shiga. Ina matsalar take?

Injiniyan Reshe:

Saitinka daidai yake, Malam, tsufan suwic ɗin ne. OpenSSH, manhajar SSH ta kwamfutarka mai Linux, ya daina karɓar diffie-hellman-group1-sha1 kai tsaye tun zubi na 7.0 a 2015, ya kuma daina karɓar sa hannun ssh-rsa mai SHA-1 a zubi na 8.8 a 2021, tsofaffin manhajojin Cisco kuwa da yawansu waɗannan kaɗai suka sani. Ka fara duba ko akwai sabon zubin IOS na wannan samfurin, domin shi ne gyara na gaskiya. Idan samfurin ya wuce lokacin tallafi, to a cikin fayil ɗin config na SSH a kwamfutarka ka buɗe sashe na wannan suwic kaɗai, ka ƙara masa KexAlgorithms da HostKeyAlgorithms da sunan da saƙon kuskuren ya nuna, da alamar ƙari a gabansa, kada ka sa su a sashen da ya shafi kowace na'ura. Irin wannan suwic ɗin kuma kada a riƙa kai masa sai ta cikin ramin WireGuard, a kuma sa shi a sahun farko na waɗanda za a sauya idan an zo kasafin kuɗi na gaba.